Cizon Duna da Allura Biyar ɗin Baban Asiya

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da gama abin da zan ba da labari, amma sai yanzu na iya zama in rubuta ba tare da raina ya sake ɓaci har na ajiye biro ba. Maigidana yana nan lafiya, alhamdulillahi, yana zuwa aikinsa. Na nemi izininsa, ya ce in rubuta amma kada in sa sunansa. Don haka Baban Asiya zan ce, yadda nake kiransa a gida. Abin da ya sa na dage sai na rubuta shi ne na tabbata akwai gidaje da yawa masu irinsa, babban mutum mai tsoron allura da ya ɓoye abin har matarsa ba ta sani ba.

A Kurmin Mashi muke zaune, a nan Kaduna. Ni malamar firamare ce, shi kuma yana aiki a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, sashen gyaran hanyoyi. Dogo ne, ƙaƙƙarfa. Da Babbar Sallah shi yake yanka ragunan gida uku a layinmu, ya feɗe, jini har gwiwar hannu, yana hira. Shekara goma sha shida muna tare ban taɓa ganin an yi masa allura ba, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalili ba. Rigakafin yara ni nake kai su, kullum yana da taro a ofis. Lokacin korona da aka zo yi wa ma'aikata rigakafi sai ya ɗauki hutu ya tafi Zariya gaida dangi. Na ɗauka yana cikin masu shakkar abin ne, ban matsa ba.

Wata Asabar da safe yana wanke mota a ƙofar gida, sai na ji ya yi salati da ƙarfi. Na fito da ludayi a hannu, na tarar yana riƙe da ƙafarsa ta hagu, jini yana bin bayan ƙwaurinsa. Karen maƙwabtanmu, Duna, yana gefe yana haki. Karen nan tun yana ɗan kwikwiyo ya san mu, ko haushi ba ya yi mana. Ranar haka kawai ya fito ya kafa masa haƙori.

Maƙwabtan namu mutanen Kudancin Kaduna ne, Kiristoci, shekara tara muna katanga ɗaya. Maigidan kafinta ne, muna ce masa Baban Ladi. Matarsa Maman Ladi nas ce da ta yi ritaya. Ita ta fara fitowa, ko ɗankwali babu. Ba ta tsaya ba da haƙuri ba, ta ce, “Maman Asiya, kawo sabulu, kowane iri ne. Baban Asiya, zo bakin famfo.”

Ta durƙusa ta wanke ciwon da sabulu, ruwa yana zuba a kai, ta wanke, ta sake wankewa, har na ga abin ya yi yawa. Shi ma ya ce, “Haba Maman Ladi, ai ya fita.” Ta ce ba a gama ba sai an yi minti goma sha biyar. Da ta miƙe sai ta faɗi abin da ya tayar min da hankali. Rigakafin Duna ya wuce lokaci ba su sabunta ba, kuma makonnin baya ya dawo gida da rauni a kunne, alamar ya yi faɗa da wani kare.

“Laifinmu ne, ba zan ɓoye muku ba. Amma asibiti za mu tafi yanzu. Akwai allurar da za a fara yau.”

Na ga fuskar Baban Asiya ta canja. Ya ce ciwon bai kai ya kawo ba, a shafa masa maganin aidin kawai. Na ce wane irin aidin, kare ne fa ya cije ka. Baban Ladi ya karɓi makullin mota ya tuƙa mu.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Mun isa wajen ƙarfe tara, layin yankar kati kawai ya ci mana awa guda, na ganin likita ya ci biyu. Likitan matashi ne, a gajiye yake, amma ya yi mana magana da ba zan manta ba. Ya ce, “Alhaji, ciwon haukan kare in ya fara nuna kansa a jikin mutum, ni da kai ba mu da abin yi sai addu'a. Kafin ya nuna, allura biyar ce tsakaninka da shi. Yau, bayan kwana uku, bayan bakwai, bayan sha huɗu, bayan ashirin da takwas. Kada ka tsallake ko ɗaya.”

Sannan ya ce maganin babu shi a asibitin, sai mun sayo a waje. Akwai kuma wata da ake yi a gefen ciwon, ita ma babu, kuma har muka gama jinyar nan ba mu same ta ko'ina ba. Ni da Maman Ladi muka hau keke zuwa manyan kemis na wajen Babbar Kasuwa, ta ɗauko fulas ɗin abinci muka cika da ƙanƙara, don maganin ba ya son zafi. Sai a shago na huɗu muka samu, kwalba biyu kacal suka rage, muka kwashe. Tsadarsa kuwa sai da na ce wa mai kemis ya maimaita. Baban Ladi ya rantse shi zai ɗauki nauyi, Baban Asiya ya rantse ba zai yarda ba, daga ƙarshe suka raba.

Ɗakin allura ba ɗaki ba ne, lungu ne da aka kare da labule, benci a waje cike da mata da yara. Nas ɗin da ke ciki ta fasa kwalba ta zuƙe maganin a gabansa, ta ɗaga sirinji sama tana ɗan bugunsa da farce. Na lura gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya ce mata, muryarsa ƙasa ƙasa, “Sista, don Allah ba a yin na sha?”

Ta fashe da dariya, ta ɗaga murya har na kan benci suna ji. “Ikon Allah! Ƙato da kai? Yanzu yarinya 'yar shekara huɗu ta fita nan ko uhum ba ta ce ba. Naɗe hannun riga, Alhaji, ina da layi.”

A tsaye ta yi masa, a damtse. Tana zare allurar ya yi taku ɗaya, sai na ga idonsa ya juye. Ya zube gaba ɗaya, ya ja labulen ya faɗo da shi, goshinsa ya bugi gefen benci. Mata suka watse suna salati. Wata tsohuwa ta ce haukan ne ya fara taɓa shi, a ja yara baya. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Maman Ladi ce ta ɗaga ƙafafunsa ta ɗora kan kujera, ta ce a ba shi iska. Bai fi minti ɗaya ba ya farfaɗo. Yana kwance a ƙasa nas ɗin ta ƙara masa ta sarƙewar haƙora a ɗaya hannun, tana cewa gara a gama tun yana ƙasa. Muka koma gida da ciwo biyu, na ƙafa da na goshi. A mota da na ce sannu, ya ce yunwa ce, bai karya ba. Na yarda.

Kashegari gida ya cika da 'yan dubiya, kowa da maganinsa. Hajiya, surukata, ta zo daga Hayin Banki da galan ɗin rubutu, ta ce a samo gashin karen a ƙona a barbaɗa a ciwon, haka ake yi tun suna yara. Rubutu na karɓa da hannu biyu, gashin kare kuwa na ce Hajiya a yi haƙuri, likita ya hana a sa komai. Ba ta ji daɗi ba. Yayansa, Yaya Auwalu, ya zauna a falo ya yi awa guda yana bayanin cewa alluran nan ba a san abin da ke ciki ba, kasuwanci ne kawai, shi ya san wani mai magani da ke ba da garin da ake sha da kunu sau uku, shi ke nan. Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda Baban Asiya yake gyaɗa kai. Mutumin da kullum yake musu da Yaya Auwalu a kan irin waɗannan maganganu, ranar har cewa yake, “Ai kuwa Yaya akwai ƙamshin gaskiya a nan.”

Da suka tafi na ce masa, “Garin ka sha in kana so, amma Talata za mu koma.” Ya ce ai bai ce ba zai koma ba.

Talata ina da jarrabawar ɗalibai. Na ce zan nemi izini, ya ce kar in wahalar da kaina, asibitin yana kan hanyar ofis. Na dafa masa shayi da ƙwai don kada a sake cewa yunwa, na ɗauko kwalba ta biyu daga firjin Maman Ladi, don namu ba ya riƙe sanyi in an ɗauke wuta, na jera ƙanƙara a fulas na miƙa masa. Da yamma ya dawo da filasta a damtse. Na ce yaya, ya ce lafiya lau, wannan karon ko jiri bai ji ba. Har na yi masa addu'a.

Tun ranar cizon, Baban Ladi ya ɗaure Duna a bayan gida, don likita ya ce a sa masa ido kwana goma. Ranar Laraba ya daina cin abinci. Alhamis muna jin wani irin kuka daga bayan katanga, ba haushi ba, kamar an shaƙe shi. Juma'a da safe, bayan Baban Asiya ya fita, Maman Ladi ta shigo ta zauna a kan tabarma ba ta ko amsa gaisuwata sosai ba.

“Duna ya mutu,” ta ce. “Jiya yana ta cizon sarƙa, yawu yana zuba. Mun kira likitan dabbobi ya gani, ya ce duk alamun ciwon ne. Allah ya sa mun fara allurar nan da wuri. Kawo katin in ga, gobe ne ta uku ko?”

Na shiga ɗaki na duba aljihun rigar da ya sa ranar Talata. Katin yana nan. Layin farko an sa hannu an buga hatimi. Layi na biyu babu komai.

Na fito na miƙa mata. Ta duba, ta ce wataƙila nas ce ta manta. Ranar Juma'ar ya bar motar a gida saboda layin mai, sai na ɗauki makulli na buɗe but ɗin bayan motar. Fulas ɗin yana can ƙarƙashin tabarmar sallah, ƙanƙara ta zama ruwa mai ɗumi, kwalbar tana yawo a ciki ba a ko taɓa ta ba. Kwana uku a cikin zafin mota.

Ban san irin fushin da ke cikina ba sai ranar. Na kira shi a waya na ce daga masallacin Juma'a ya wuto gida, ban ƙara komai ba na kashe. Na tura yara gidan ƙanwata. Da ya shigo na ajiye masa katin da kwalbar a kan tebur.

Ya kalle su, ya zauna. Ya ce, “Maman Asiya, bari in yi miki bayani.”

“Filastar fa? Kai ka saya ka manna wa kanka?”

Ya sunkuyar da kai.

“Karen ya mutu,” na ce. “Da safen nan. Yana zubar da yawu.”

Na faɗi maganganu da yawa bayan wannan, wasu na yi nadamarsu. Na ce masa yara huɗu na haifa, an yi min ɗinki ba a kashe wurin ba, ban gudu ba. Na ce Asiya tana aji uku na sakandare, in ya mutu me zan ce mata, babanki ya gwammace ya bar ku da a soka masa abin da bai kai tsinken sakace ba? Na ce shekara goma sha shida bai taɓa yi min ƙarya na kama ba sai a kan wannan abin banza. Yana zaune, hannayensa a tsakanin gwiwoyi, ya kasa ɗago kai. Da na gaji, sai ya ce, “Na je fa. Wallahi na je. Awa biyu ina zaune a mota a bakin asibitin. Sau uku ina buɗe ƙofa. Ƙafata ta ƙi.”

Maman Ladi tana tsakar gida, duk ta ji. Ta yi sallama ta shigo, ta ce min in je in sha ruwa. Sannan ta ja kujera ta zauna nesa da shi kaɗan. Ta ce, “Baban Asiya, shekara talatin na yi ina allura. Na ga soja ya suma, na ga mahauci ya suma. Ba rashin zuciya ba ne, jiki ne yake yin abinsa ba da shawararka ba. Yaushe ya fara maka?”

Ina bakin ƙofa na ji abin da bai taɓa faɗa min ba. Yana aji biyu na firamare a Zariya aka zo rigakafi makarantarsu, da irin abin nan mai kama da bindiga. Ya ga na gabansa yana ihu, sai ya ruga. Aka kamo shi, manyan ɗalibai huɗu suka danne shi a ƙasa a gaban 'yan makaranta duka, aka yi masa. Ya suma, ya kuma jiƙa wandonsa. Sunan da yara suka laƙaba masa ya bi shi har ya gama makarantar. Ya ce tun daga ranar ko warin sifirit ɗin da ake goge fata da shi ya ji, sai kunnuwansa su toshe.

“Da nas ɗin nan ta yi dariya ranar Asabar,” ya ce, “wallahi sai na ga filin makarantar.”

Zan faɗi gaskiya, tausayi bai kore min fushin ba. Duka biyun suka zauna min a ƙirji. Abin da nake ta nanatawa a raina shi ne, da ya faɗa min tun ranar farko, ai da na bar jarrabawar na bi shi.

Baban Ladi ya hau mashin ya zaga kemis har ya samo kwalba biyu. Bayan la'asar muka koma asibiti a keke. Allah ya taimake mu likitan nan yana bakin aiki. Na ɗauka zai ce a sake daga farko. Ya ce a'a, za a ci gaba daga inda aka tsaya, ya gyara ranakun a kati. Amma ya cire tabarau ya dubi Baban Asiya ya ce kwana ukun nan da aka yi asara ba wanda zai iya dawo masa da su, kada a ƙara.

Maman Ladi ta tsara komai. Ta sa ya ci burodi ya sha lemo tun a hanya. Ta shiga ta yi magana da nas ɗin da ke aikin yamma, wata mai sanyin hali, ta roƙi a ba mu gadon da ke ɗakin wanke ciwo, a kuma haɗa allurar a wani wuri, kada ya gani. Sannan ta ce wa Baban Asiya ya kwanta ya juya fuska bango, ya harɗe ƙafafu, ya ɗaure jijiyoyin cinya da na ciki tamau kamar mai tura mota, ya saki, ya sake ɗaurewa, hannun da za a yi wa kawai zai bari a sake. Ta ce hakan yana hana jini sauka daga kai. Ni ta ce in tsaya ta wajen fuskarsa in ba shi ɓawon lemo ya riƙe a hanci saboda warin.

“Ki yi masa hira,” ta ce.

Wace hira zan yi da mutumin da nake jin kamar in shaƙe? Na rasa abin faɗa, sai na ce masa ya lissafa min titunan da sashensu ya gyara bana. Ya fara, yana haɗa sunan titi da salati. Gadon kansa rawa yake. Ya riƙe min yatsu har zobena ya shige cikin nama. Yana kan titi na huɗu nas ta ce an gama. Bai suma ba. Ya yi kwance minti ashirin, rigarsa sharkaf, sannan ya tashi ya yi amai a bokiti.

Na so a ce daga nan abin ya yi sauƙi. Bai yi ba. Ta uku ranar Talata ce, tun Lahadi ya daina cin abincin kirki. Ranar da safe ya shiga banɗaki sau biyar, ya ce cikinsa ya ɓaci, ko a bari sai gobe. Na ce ko a kan bokiti ne za mu tafi. Na nemi izini a makaranta, shugabar ta ba ni tana tsuke fuska, ta ce ita ba ta taɓa jin an raka magidanci allura ba. Na haɗiye.

Muka tarar da nas ɗin farko ce a bakin aiki. Tana ganinmu ta ce, “A'a, Alhaji mai faɗuwa ne? A matsar da benci.” Biyu daga cikin masu jira suka yi dariya. Na ji Baban Asiya ya ja baya, na san in ya kai ƙofa ba zan iya dawo da shi ba. Ban san lokacin da na shige labulen ba. Na ce mata, “Sista, karen da ya cije shi ya mutu da ciwon. Dariyar da kika yi masa rannan ita ta sa ya tsallake allura. In kin gaji da aikin ne ki faɗa, mu jira wata.” Ta buɗe baki za ta yi magana, Maman Ladi ta kira ta gefe, ta gaya mata inda ta yi aiki da shekarun da ta yi. Ba ta ba da haƙuri ba, amma ta ba mu gadon, kuma in faɗi gaskiya hannunta ya fi na kowa sauƙi. Ya ce bai ma ji shigar ba. Duk da haka sai da ya jiƙe da gumi.

Mako na uku matsalar ta koma ta magani. Ranar ta huɗu ta zo, babu kwalba ko ɗaya a duk kemis ɗin da muka sani. Wannan ya ce sai jibi, wancan ya ce kaya suna hanya. Wani ya fito min da ita daga cikin durowa, ba firji ba, ya ce ai duk ɗaya ne. Na ajiye masa na fita. Kwana biyu ina tashi daga makaranta in wuce kasuwa da fulas a jaka kamar mai tallar abinci. A cikin kwanakin ne Yaya Auwalu ya dawo da garinsa a leda, ya ce to ga shi Allah ma ya nuna, allurar ta ɓace, uku sun isa. Ina kicin ina jin su, na ajiye wuƙa na kasa kunne.

Baban Asiya ya ce, “Yaya, ni ba shakkar maganin nake ba. Tsoron allurar nake ji, tun ina yaro. Ranar da na goyi bayanka ma tsoro ne. Ka bar ni in gama.”

Yaya Auwalu ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya bar maganar. Hajiya kuwa da labarin ya kai mata, cewa ta yi ta tuna ranar da ya dawo daga makaranta da wando a jiƙe, har ta doke shi a kai, ba ta taɓa sanin dalili ba. Ta yi ta share hawaye da bakin mayafi. Daga ranar ba ta sake maganar gashin kare ba, sai dai ta aiko da kunun gyaɗa duk ranar allura.

Wata tsohuwar abokiyar aikin Maman Ladi ce ta samo mana kwalba biyu daga wani asibitin kuɗi. Aka yi ta huɗu a makare da kwana biyu, aka yi ta biyar a kan lokaci. Har ta ƙarshen sai da ya kwanta, sai da ya juya bango, sai da na riƙe hannu. Wanda ya ce muku tsoron nan yana fita don an saba, bai yi jinyar mai shi ba. Abin da ya canja kawai shi ne a ta biyar shi da bakinsa ya ce wa nas, “Ina suma in an yi min allura, a taimaka min da gado.” Ta ce to, ba ta ko ɗago kai ba. Abin da ya ɓoye kusan shekara arba'in ke nan.

Ina godiya ga Maman Ladi da mijinta, waɗanda karensu ya jawo abin amma ba su ɓuya ba ko na rana ɗaya. Ina godiya ga likitan nan da nas ɗin yamma. Amma har yau ban gane dalilin da zai sa maganin da rai ya rataya a kansa ya zama sai mace ta yi yawon kasuwa da ƙanƙara tana nema ba. Ban kuma gane abin da ma'aikacin lafiya yake ƙaruwa da shi in ya kunyata mara lafiya ba. In kare ya ciji naku, ku wanke da sabulu sosai, ku tafi asibiti a ranar. In kun ga mutum yana ta kawo dalilai, ku tambaye shi a keɓe ko tsoro ne. Ku raka shi, kuma ku duba katin da idonku.

Ranar da aka gama, na tsaya a baya na tambayi likita ko jinkirin nan zai iya zama matsala. Ya ce yana kyautata zaton komai lafiya, amma in na ga zazzaɓi tare da ƙaiƙayi a wurin cizon, ko ya kasa haɗiyar ruwa, mu zo da gudu. Ban faɗa wa Baban Asiya ba. Na riƙe abin ni kaɗai.

Bayan kamar mako biyar, wata Lahadi da rana, ya dawo daga ɗaurin aure jikinsa zafi rau, ya kwanta a falo yana rawar sanyi. Na tsaya a kansa, maganar likita ta faɗo min. Na je na ɗebo ruwa a babban kofi, na miƙa masa. Ya tashi zaune ya karɓa. Ban kalli fuskarsa ba, maƙogwaronsa nake kallo. Ya kafa kai ya shanye tas, ya miƙo min kofin.

“Ni ma na tambayi likitan,” ya ce. “Zazzaɓin sauro ne, Maman Asiya. Ƙaro min wani, ki zo ki zauna.”

Na ƙaro masa. Sannan na zauna a ƙasa kusa da kujerar, na yi kukan da ban samu sararin yi ba tun ranar da kare ya cije shi.